Maraƙar da Ta Jira Sunanta

Wata Litinin a daminar 1996, ina aji biyar a firamare a Dutse, malaminmu na kimiyya ya shigo da tsakuwa cike da aljihu, ya watsa ta a kan tebur. Ya ce haka wasu duwatsu suke zagaya rana, can tsakanin duniyoyin Mas da Jufita. Idan aka gano ɗaya, lamba kawai ake fara ba shi. Sai an daɗe ana bin sawunsa, an tabbatar ba zai ɓace ba, sannan wanda ya gano shi ya raɗa masa suna.

Ni kam hankalina tuni ya koma gida Limawa. A makon ne saniyar Dada, kakata, ta haihu ta mutu, ta bar maraƙa ƙashi da rai. Baba ya ce da ta ɗan tasa zai kai ta kasuwa, kada a yi asara biyu. A gidanmu kuwa, dabbar da Dada ta sa wa suna ta zama 'yar gida, ba mai sayar da ita. Na roƙe ta har da hawaye, ta ce, "Ke ja can! Ba na sa suna sai na ga tafiya."

Sai na ari dabarar Malam, na kira maraƙar Lamba Ɗaya. Kullum kafin makaranta in ba ta madara a kwalba, in yanko mata ciyawa a gindin duwatsu, in rubuta a bayan littafina inda ƙafarta ta kai: yau bakin turke, gobe gindin darbejiya. Yayyena suka sa ni gaba da tsokana, wai likitar maraƙi. Ranar da zawo ya kwantar da ita, tuwo ma kasa ci na yi.

Bayan girbin gero, wata safiya Baba ya fito da igiya. Na ruga na ɗora wa Dada littafin a cinya, ina zuba mata labarin duwatsun Malam. Ita da ba ta san boko ba, ta juya shi sama da ƙasa, ta dubi maraƙar tana tsalle cikin awaki, ta ce wa Baba, "Mai da igiyarka." Ta waiwayo gare ni. "To, ke kika gano ta, faɗi sunan." Na ce Tauraruwa.

Yau Dada ba ta raye, gidaje sun cinye inda muke kiwo, sunayen duwatsun Malam ma a waya nake ganinsu. Amma jikokin Tauraruwa suna can a rugar ƙanena a Miga, kuma duk wadda aka haifa, ni ake jira in je in ga tafiyarta.