Shekarar da baƙon dauro ya ɗaure min hannu

Shekarun baya, tun ƙasarmu tana ƙarƙashin Sakkwato, baƙon dauro ya sauka ƙauyenmu, can gefen fadamar Gummi. Da bazara ya shigo. Gida gida yake bi yana ɗaukar yara, har maza suka daina dawo da kayan haƙa daga maƙabarta.

Maigidana ya tafi ci-rani. Daga ni sai uwar mijina, sai ɗana mai shekara bakwai, sai autata da ban daɗe da yaye ta ba. Ita baƙon ya zaɓa.

Ku 'yan yanzu ba ku san dokarsa ba. Gidan da ya sauka ba a suya, ba a ɗaga murya, ba a dukan yaro. Wai in ya ji hayaniya fushi yake yi, ƙurajen su koma ciki, ya tafi da mai masaukinsa. Uwar mijina ta zare tsumagiyata daga jikin danga ta cusa ƙarƙashin gadonta. Ta ce, "Ke yarinya, ran ɗiyarki yana bakinki da hannunki."

Ni kuwa mai baki ce, ba na musu. In na kira yaro, na ƙetaren gulbi ma sai ya amsa. Sai ga ni ina magana kamar sabuwar amarya.

Ɗan nawa ya gane. An hana shi fita, abokan wasansa wasu na kwance, wasu an binne su. Ya kwance akuya ta cinye min surfe. Ya watsa ƙasa a randa. Ya hau katanga yana ta waƙa. Duk ɓarnar da ya yi, sai ya zo ya tsaya gabana ya kafe ni da ido. In haɗiye, in ce, "Allah ya shirye ka," can ƙasan maƙoshi. Ga 'yar a bayana, jiki kamar garwashi, idanu a liƙe, ni ba barci ba abinci.

Ran da ya kifar da kunun da na dama mata, hannuna har ya tashi. Na mayar da shi. Na nufi turmi na zuba gero, na yi ta daka har kafaɗuna suka mutu. Daga ranar, duk dukan da ke cikina turmi ke shan shi.

Ban yi tsawa ba, ban taɓa yaron ba, Allah ne shaidata. Duk da haka wata rana da hantsi 'yar ta cika a cinyata.

Ranar sadakar uku mata sun cika tsakar gida, wata ta ce, "Ikon Allah, gidan nan kuwa ko tari ba a ji." Uwar mijina ta ce, "Baki dai ya yi shiru. Amma wanga daka da take yi, ko kurma ya san na fushi ne. Baƙon ba shi da kunne?" Ba wadda ta ce mata kul.

Da aka watse, ɗana ya shiga ɗakin kakarsa ya fito da tsumagiyar, ya miƙo min da hannu biyu.

"Inna, baƙon ya tahi. Ki buge ni yanzu."

Na ce, "Don mi?"

"Tun da ya zo, ko sunana ba ki ƙara kira da ƙarhi ba."

Na karɓa na sa ta a murhu. Na jawo shi jikina, sai na ji duk ya rame, ni ban ko lura ba.

Yau ya yi furfura, da kansa yake kai jikokina allurar rigakafi. Uwar mijina ta rasu tuni, ni na yi mata wanka, na ce na yafe. Amma baki ne kawai ya faɗa. An ɗora min ran yarinya a kan harshe, na riƙe, aka ce kuma taɓaryata ce ta kashe ta. Har yanzu in na ji daka a maƙwabta, sai in bar abin da nake yi in kasa kunne, in ji ko na fushi ne.