Baba Cornelius da Kurmin Bakin Kubanni

Kafin ɗaliban da ke haya a Bomo su fito neman motar Samaru, Baba Cornelius ya riga ya gangara fadama da bokiti da fartanya. Shekara ashirin da shida ke nan yana bin wannan hanya. Da can tare da matarsa, Mama Clara, suke zuwa, tana cika leda da ƙasa, shi yana dashe. Tun da ta rasu shi kaɗai yake yi, kuma sau da yawa yakan wuni bai yi magana da kowa ba.

Tsohon leburan gandun daji ne. Da ya ajiye aiki ya tarar masu gawayi sun sare itatuwan bakin rafin Kubanni ƙarƙaf, gaɓa tana ta zubewa. Ba wanda ya sa shi. Ya shiga dasa malmo da giyayya da ɓaure, itatuwan da ruwa kan yi wata biyu kwance a gindinsu ba su mutu ba.

Ba kowa ya so haka ba. Celestine, wani manomin tumatir da gonarsa ke jikin kurmin, ya taɓa sare masa dashe goma sha ɗaya, wai inuwa za ta kashe masa amfani. Baba bai kai ƙara wurin mai unguwa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, bar mini taku goma daga bakin ruwa, sauran naka ne." Washegari ya sake dasawa.

Damina uku da suka wuce rafin ya tumbatsa. Gonakin da ba su da itace a gaba, ruwa ya yanke su ya tafi da su. Ta Celestine ta kwana huɗu a nutse, amma da ruwa ya janye ƙasarsa tana nan, saiwoyi sun riƙe ta. Celestine da kansa ya gaya mini: "Na je yi wa Baba godiya kunya duk ta rufe ni. Bai ko tayar da tsohon zancen ba. Tambayata ya yi ko sheƙar zalɓen da ke kan ɓaure ta tsira."

Yanzu gwiwar Baba ta ƙi. Ƙarshen watan nan 'yarsa Jemimah za ta mayar da shi wurinta a Sabon Gari. Ta ce masa, "Baba, ai ba nisa."

Ya ce, "Ga mai ƙafa ba."

Baba, kai ne ka dawo wa fadamar nan da inuwa, har tsuntsaye suka sake yarda da ita. Uban kurmi, mun daɗe muna wuce ka a hanya ba mu tsaya ba. Ka yafe mana, mun gode.

Jama'ar Bomo da Samaru, akwai dashe kusan ɗari biyu a leda bayan ɗakinsa, kuma ruwan farko ya kusa. Ya ce duk mai so ya zo ya ɗauka, zai nuna masa inda kowane iri yake so. Har jiya da na je, ba wanda ya zo tukuna.