Ginin da Aka Dasa a Gonar Baba

A farkon daminar 1990, wata Laraba da hantsi, ni da Baba muna tsakiyar noma sai ga tipa ta shigo gonarmu, ta juye yashi a kan geron da bai kai gwiwa ba. Direban ya ce gwamnatin soja za ta gina ofishin jam'iyya a nan. Baba ya dogara da fartanyarsa yana kallo har motar ta tafi. Da muka koma gida ya tara mu, ya rantse da Allah babu ɗansa da zai taka ginin nan muddin yana raye.

Sojoji ne suka ƙirƙiro jam'iyyar, su suka gina mata gida mai dogon zaure da tagogin gilashi, su ne kuma suka rushe ta bayan 'yan shekaru. Aka sauke tuta, awaki suka samu wurin fakewa. Daga baya, da iska ta yaye rufin firamaren garinmu, aka kwaso bencina aka zuba a zauren, ya zama makaranta. Ranar da ake rubuta sunayen yara Inna ta tsugunna gaban Baba ta ce, "Malam, rantsuwa ai tana da kaffara, ciyarwa ce kawai." Ya ce, "Da wace gonar zan ciyar da su?" Daga nan ba a sake ta da maganar ba.

Ɗan abin da ya rage mana yana bayan ginin. Baba ya dasa gamba ta zama iyaka, muka shuka kuɓewa da yakuwa, aikina kuma korar awaki. Nan nake yini, ina harbin ƙadangaru da danƙo, tagar aji a buɗe saman kaina. Duk abin da malam ya biya, ni ma sai in biya a hankali. Na haddace baƙaƙen boko da waƙar lissafi tsaf, amma ban taɓa ganin kamannin ko ɗaya ba, domin allon yana jikin bangon da ba na hangowa. Idan aka tashi tara abokaina su fito mu yi langa a bakin gamba. Da an kaɗa ƙararrawa su koma, ni in tsaya.

Yau ina Greensboro, wani birni a ƙasar Turawa, ina ɗaukar kaya a wani sito. Idan na tashi aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, nakan bi ta tashar bas ta cikin gari in je ajin manya. A can na fara ganin fuskokin baƙaƙen bokon da na daɗe da sanin muryarsu. Hannuna ya saba da nauyi, fensir yana ba shi wuya. 'Yata Hafsatu takan duba mini aiki, in tambaye ta da Hausa ta amsa da Turanci.

Kwanan baya ƙanena ya turo mini hoton ginin. Makaranta ta tashi, rufi ya rufta, gamba ta tsallaka ta cika zauren. Ya ce, "Yaya, gonar Baba fa ta dawo da kanta." Na ƙara girman hoton na leƙa ta tagar nan. Allon yana nan a jikin bango, ruwan sama ya wanke shi tas. Sai yanzu na gan shi, da na iya karatu.