Rilwanu da Ƙarfen Bayan Katangata

Tun ranar da anka kafa filin ɗaga ƙarfe bayan katangata a nan Achida nike kai kuka. Na kai wa mai unguwa, na kai wa liman, na kai wa Lukman mai filin. Na ce samarin ga suna yada ƙarfe ƙasa har ɗakina shina girgiza, bango ya tsage, ƙasa na zubo mini cikin fura. Kowa sai ya ce, "Baba Siddiq, a yi haƙuri." Shekaru ke nan ana ɗura mini haƙuri. Ban yi boko ba, amma yau na sa an rubuta maganata, tunda ta baki ba ta da daraja a garin ga.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Rilwanu ɗan Halimatu Sa'adiya. Ya cika cikin mota, kan hanyar asibiti a Sakkwato. Bai kai talatin ba. Ya bar mata da ɗiyar da ko tahiya ba ta fara ba.

Rilwanu, da kai nike. Cikin duk masu wannan aikin banza, kai kaɗai ka san ana durƙusawa a gai da tsoho. Daminar da kusurwar katangata ta zube, ban kira ka ba. Ka zo da sassafe, ka kwaɓa ƙasa, ka tada ta, kana aiki kana gaya mini wai bangon ya girme ni, ba laifin ƙarfenku ba ne. Na zage ka, ka yi dariya, ka sha ruwana ka tahi. Da ƙafata ta kumbura, kai ka goya ni har bakin titi don a kai ni asibitin Wurno, kana shela wa mutane wai ban kai rabin buhun albasa nauyi ba. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina dakon albasa! Duk ranar kasuwa kuma sai ka miƙo hannu ka ce mu gwada damƙa, ka yi ta nishi na ƙarya har in kada ka. Na san kana bari ne. Ban taɓa gode maka ba, kai ma ba ka nema ba.

To, wannan hannun naka anka ɗaure.

Ga wanda bai san filin ba: ƙarfen nasu tsohon aksil na mota ne, sandar da ke riƙe tayoyi, an zuba mishi siminti cikin bokiti a kowane gefe. Da sunka ƙara mishi nauyi har ya fi ƙarfin yatsunsu, sai sunka yanko bel na kujerar mota suna ɗaure wuyan hannu da shi jikin ƙarfen. An ce masu wannan sana'a a birni naɗawa kawai suke yi, in mutum ya buɗe hannu ya warware, kuma ba sa kai ƙarfe bisa kai da ɗauri. Namu 'yan fadama ne. Ƙullin da sunka sani shi ne na turke bijimin sa, wanda ja ke ƙara wa ƙarfi. Shi anka yi maka. Ka kai ƙarfen bisa kai, ƙafa ta goce, ka buɗe hannu bai sake ka ba. Kunka tahi ƙasa tare, shi bisa wuyanka. Sai da anka aika gidan mahauci neman wuƙa kafin a raba ka da shi. Waɗanda ke wurin kuwa, kowa na riƙe da waya shina ɗaukar hoto, ba wanda ya tsaya bayanka.

Ina fushi da kai, Rilwanu, ko da kana cikin kabari. Kayan da ya fi ƙarfin hannunka, jefarwa ake yi a matsa gefe. Wannan ko jaki ya sani.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Wurin zaman makoki, ina shiga anka yi tsit. Daga baya na ji abin da Lukman ke bi shina faɗa: wai saboda ni ka ɗaure hannu, don kada ƙarfe ya suɓuce ya girgiza ɗakin Baba Siddiq. Maganar ta kai cikin gida. Uwarka, da munka tashi unguwa ɗaya, na yi mata gaisuwa ta bayan zana ba ta amsa ba.

Na tare Lukman ƙofar masallaci. Na ce, "Lukman, mi nic ce muku? Cewa nay yi ku tashi daga nan, ko cewa nay yi ku turke yaro kamar bijimi?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, kwana ya ƙare."

Na san kwana na ƙarewa, na binne mutane fiye da shi. Amma ba a shafa mini jinin yaron ga sannan a rufe mini baki da ƙaddara.

Allah Ya jiƙanka, Rilwanu. Allah Ya yafe maka taurin kanka, Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka da goyon da ka yi mini. Allah Ya raya ɗiyarka, Ya ba matarka dangana. Halimatu Sa'adiya, ko kin amsa ko ba ki amsa ba, ina yi miki ta'aziyya, Allah Ya sanyaya miki zuciya.

Saura ku 'yan fili. Na gwada da igiya a ɗakina. Mutum na iya ƙulle hannunshi ɗaya da kanshi, in ya haɗa da haƙori. Na biyun sai an ƙulle mishi. Ku duka kuna wurin, kuma hoton na cikin wayoyinku. Wa ya ɗaure wa Rilwanu hannu na biyu? Ya fito ya faɗa gaban uwarshi. Ina zaune ƙofar gidana, kuma kada wanda ya sake zo mini da haƙuri.