Dattijon da Ke Ɗaukar Hoton Tuwo

Duk wanda ya ce ya zauna a Kafanchan amma bai san Dattijo Obadiah Kumai ba, to wucewa ya yi, ko daga mota bai sauka ba. Dogo ne siriri, da tsohuwar hular reluwe a ka da Littafi Mai Tsarki a hammata. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa, kuma har ya yi ritaya ba a ji ya ɗaga wa kowa ƙafa ba. Surukinsa ma ya taɓa saukewa a Kagoro, ya ce gaisuwa daban, tikiti daban.

Tun da matarsa Emilia ta rasu bai ƙara hura wuta a gidansa ba. Sai ya rungumi aikin ziyara na ikkilisiya hannu bibbiyu. A wajenmu kuwa dattijo ba ya shiga gida ya yi addu'a ya fita haka kawai. Dole a ajiye masa kwano, kuma in ya ƙi ci ya zagi gidan. Gida uku yake shiga a rana, ranar da Ruhu ya motsa shi biyar.

Ana nan sai wani ɗan gyambo ya fito masa a babban yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Ya je wurin Dokta Jason, wanda a gaban Dattijon aka yi masa baftisma. Likita ya gwada jini, ya cire tabarau.

"Baba, suga ne, kuma ya yi nisa. Duk abin da ya shiga bakinka har wata uku ina so in gani, in san yadda zan daidaita maka magani. In muka yi wasa za mu rasa ƙafan nan."

Obadiah ya ji tsoro, ba ƙarya. Mutumin da duk rayuwarsa a ƙafa take, in aka yanke ta, gidan wa zai shiga?

'Yarsa Hellen, malamar makaranta a Manchok, ta zo ta ce ai akwai manhaja a waya da ke wannan aiki. Ta farko da ta sauke masa ta nemi suna, ranar haihuwa, da inda yake tsaye a lokacin. Ya ce a cire ta maza, me ya haɗa ranar haihuwarsa da tuwo? Abin da mutum ya ci tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Hellen ta sha fama kafin ta samo wata wadda ba ta tambayar suna, ba ta cin data, komai yana zama cikin wayar a kulle, sai da yatsansa take buɗewa. Bai yarda ba sai da aka cire layin, ya ga tana aiki. Da yake idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, ta koya masa ya riƙa ɗaukar hoton kwanon kawai, manhajar ta ajiye rana da lokaci.

Daga nan fa abin ya kwaɓe. A gidan Mama Zipora, shugabar zumuntar mata, aka fara. An ajiye tuwon acca da miyar karkashi, Dattijo ya sa albarka, aka ce amin. Maimakon ya wanke hannu sai ya miƙe tsaye, ya ɗaga waya a kan kwano, haske ya walƙa. Mama Zipora ta dafe ƙirji.

"Dattijo, ina za ka kai miya na?"

"Ba inda za shi. Ba wanda zai gani."

Da ya san garin da yake, da bai faɗi haka ba. Abin da aka ce ba wanda zai gani, ai lalle sama za shi. Kafin sujadar Lahadi ikkilisiya ta rabu biyu. Wasu suka ce gasa ce, hedikwatar ikkilisiya na neman gidan da ya fi karɓar baƙi. Wasu suka ce a'a, tallafi ne ke zuwa, duk wanda aka ga nama a kwanonsa za a soke sunansa.

Masu gasa suka shiga yanka kaji ba ji ba gani. Shinkafa, soyayyiyar doya, lemon kwalba biyu biyu. Masu tallafi kuma suka koma binne naman a ƙarƙashin tuwo, hoto ya fito fayau, sai ya kai loma ta uku ya ci karo da ƙashi. Wata ta ari farantin maƙwabciya. Wata ta ce ya dakata ta sake zane, alhali ba ita za a ɗauka ba. Akwai cinyar talotalo guda da ta zaga gida uku a kwana biyu, ana ɗora ta a yi hoto a ɗauke. A gida na uku ya ƙura mata ido irin na mai duba tikiti, ya ce, "Wannan na gan ta jiya a gidan Boaz." Matar gidan ta ce 'yar'uwarta ce.

Ya yi bayani a majami'a bayan sanarwa, ya ɗaga wayar, ya rantse ko layi ba ta buƙata. Mutane suka gyaɗa kai, suka ce lalle abin babba ne tunda har an sa shi ya musa. Shi kuma ba ya iya mayar da kwano. Cikin wata guda ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, ya koma silifa yana ɗingishi. Ya kan zauna bakin gado ya kalli yatsan.

Gida ɗaya ne bai shiga ba duk wannan lokaci, gidan Dinah, gwauruwa a ƙarshen layi, uwar shi Dokta Jason ɗin. Kullum ya je sai a ce ta tafi gona. Ran nan ya tarar da ita a tsakar gida, ba hanyar gudu. Bayan addu'a ta daɗe a kicin, sannan ta fito da wani tsohon kwanon sha mai fure. Gwaten acca ne tsululu da ganyen yakuwa. Ba mai, ba kifi, gishiri ma da ƙyar.

Hannunsa ya kai aljihu don sabo. Ta riƙe masa wuyan hannu.

"Dattijo, na san don ƙafanka ne, ban yarda da surutun su ba. Ka ɗauka. Amma Jason kada ya gani."

Ciwon da ya cinye gonakin citta a ƙasar nan bai bar mata ko buhu ɗaya ba. Ta ce wa ɗanta gonarta ta tsira, don yana ɗauke da karatun ƙannensa uku, ba ta so ta ƙara masa. Duk ranar da ya buga waya zai zo, sai ta nemo shinkafa ta dafa, ta ce ita ta riga ta ci.

Obadiah ya ɗauki hoton, don shi bai taɓa tsallake rajista ba, ya kuma yi mata alkawari. Sai a hanya ya tuna cewa duk hotunan nan Jason ɗin ake tara wa, kuma ba yaron da ba zai gane kwanon uwarsa ba.

Abin mamaki, washegari ya tashi jikinsa sakayau. Ya koma gidan Dinah jibi, ya koma gata. Ya kan ajiye mudun acca a bayan ƙofa, ita ta yi kamar ba ta gani ba. A sauran gidajen ya fara cewa yana azumi, har aka fara yaba tsoron Allahnsa. Kumburi ya saɓe, gyambo ya fara haɗewa, waya ta cika da kwano guda mai fure.

Da wata uku suka cika ya koma asibiti. Dokta Jason ya gwada jini, ya sake gwadawa, ya duba yatsan, ya yi dariya.

"Baba, ƙafa ta tsira. Me kake ci haka? Kawo wayan in gani."

"Ba ta buɗuwa sai da yatsana."

"To sa yatsan mana."

"Yatsan bai yarda ba."

Likita ya yi magiya. Ya ce yana da marasa lafiya da yawa da zai nuna wa, ya ce ai don shi aka tara hotunan, in bai gani ba ta yaya zai rage magani? Obadiah ya tura wayar can ƙasan aljihu ya dafe. Ya ce gwate ne da yakuwa, ba mai, ba nama, safe da yamma, a rubuta haka.

"Kai, wannan ai abincin wanda ba shi da komai ne," in ji likita yana rubutu. "Amma ya yi maka. Duk wadda ke dafa maka, ka ce ta ci gaba."

Tausayi ya kama Dattijo. Ya ɗauki hularsa da Littafinsa, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

"Jason, yaushe rabonka da gida?"

"Sati biyu, Baba. Mama tana lafiya, jiya ma mun yi waya."

"Ka je gobe da rana, daidai lokacin cin abinci. Kada ka buga mata waya kafin ka je."

Likita ya ajiye biro a hankali. Obadiah bai jira tambaya ba, ya ja ƙofar ya fita.