Rabin Aski a Kasuwar Dutsin-Ma

Ni wanzami ne ɗan wanzami. Karatun allo na tsaya daidai inda malam ya gaji da ni, bokon nan kuwa sai da furfura ta cinye mani kai na koye shi a ajin manya. Don haka wanda ya ga layina ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da ƙeyar mutane.

A Wurma aka haife ni, ƙasar Kurfi. Sa'ad da abin nan ya faru Nasara ba su daɗe da zama ba, ni kuma sabon magidanci ne, ba ni da komai sai zabirar askin da na gada da bakin tsokana. An san ni da shi har ƙauyukan kewaye. In na ce gobara ta tashi sai an leƙa fuskata tukuna kafin a nemi tulu.

Gonata na haɗe da ta wani mutum da duk gari ke kira Bagwari. Ko Bagwarin ne, shi kansa bai sani ba. Yana ƙarami mahara suka kawo shi daga kudu, wani bafataken hatsi ya saye shi, ya tashi a gidan tare da 'ya'yan gida. Da Nasara suka hana cinikin mutane ya fanshi kansa, ya yi aure, ya sari daji ya yi gona. Sallah ya fi ni. Hausa ya fi ni. Haske ma ya fi ni, don ni in na tsuguna kusa da tukunya sai an duba da kyau. Sai dai zanen fuskarsa ba irin namu ba ne, kuma shi ke nan an gama magana. Mu wanzamai mu ke yi wa jarirai zane ranar suna, na kuwa san abin da ya raba fuskata da tasa: askar ubana ta bi ta nan, askar wani ta bi ta can. Duk da haka Bagwari nake ce mashi kamar kowa, shi kuma ya ce mani Baƙin Wanzam. In an yi gayya akushinsa daban ake ajiyewa. In yaro ya yi wauta a ce, "Kai Bagwari ne?" yana zaune a wurin, ya yi dariya tare da mu.

Sai Bature ya so hanyar mota. Ya faɗa wa manya, manya suka faɗa wa na ƙasa da su, maganar ta yi ta gangarowa har ta faɗo kan mai unguwa: a ba da mutane, aiki ne ba biya. Mai unguwarmu ba ya son wahalar tunani, masu baƙon zane yake fara nunawa. Maƙwabcina ya tafi da rani ya dawo, aka sake nuna shi. Damina ta sauka, aka kuma nuna shi. Geronsa ya kai gwiwa, ciyawa ta wuce shi, matarsa na fama da goyo. Na ɗan taɓa mashi noman kunya kaɗan, to ni da fartanya dama gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Rannan sai ya sulale daga wurin aikin, ya dawo ya duƙa cikin gonarsa. Bai kai rabi ba aka zo aka tafi da shi.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma na yi sammako kamar kullum, na shimfiɗa buzuna gindin tsamiyar da nake aski. Da hantsi na ji ana shela. Na ɗaga kai, sai ga shi an kafa turke tsakanin 'yan hatsi da mahauta, an zaunar da maƙwabcina, bayansa duk ya fashe da bulala. Mai shela ya ce wannan shi ne sakamakon mai gudun aikin Bature. Ya ce in wani magidanci mai asali daga garinsu ya zo ya ce nasu ne, ya kuma tsaya mashi cewa zai koma aiki, a kwance shi nan take. In babu, yana nan sai kasuwa ta watse.

Bayan bai dame ni ba, baya na warkewa. Hannuwan ne. An ɗaure su ta baya da kiri, igiyar ɗanyar fata, wadda aka jiƙa. Ɗanyar fata kuwa in rana ta buge ta tsukewa take yi, tana bushewa tana cin nama. Na zagaya na duba, yatsun sun riga sun kumbura. Mutumin da ba shi da jaki, ba shi da dangi, hannuwan nan su ne gonarsa, su ne rumbunsa. In aka bar su haka har la'asar, na san ba za su dawo ba.

Ya ganni ya ce, "Baƙin Wanzam, ka zo aski? Yau kam ba ni iya riƙe maka kunne."

Na nufi dogaran da ke gadinsa a inuwa, na durƙusa na ce, "Ranku ya daɗe, namu ne. Ni na tsaya mashi."

Babban ya dube ni tun daga ƙafa. "Kai wa?"

"Wanzamin Wurma."

"An ce mai asali. In ya sake gudu mi za mu kama naka, zabira?"

Ƙaramin ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Na roƙi su bar ni in ba shi ruwa, suka ce in ba shi. Na ɗauko ƙoƙon ruwan askina, na kai mashi baki ya kurɓa, sauran na yi kamar tuntuɓe na juye a kan kirin. Babban dogari ba yaro ba ne. Ya taso ya zuba mani bulala a wuya, ya ce in na ƙara matsowa akwai sauran kiri. Ruwan ya ɗan sassauta ɗaurin, amma rana tana nan inda take.

Na shiga kasuwa neman mutanen garinmu. Suna da yawa, ranar kasuwa ce. Ban taɓa sanin mutum na iya duban awon gero da irin wannan natsuwa ba. Kowa na gani sai ya sunkuya cikin buhu. Masu fura sun ja ƙorensu gefe don ƙudajen da jinin ya tara. Wani mahauci na ta mita wai an tare mashi hanyar masu saye, a rasa inda za a kafa turke sai gaban teburinsa. Ba wanda ya ce an yi daidai. Ba kuma wanda ya ce komai.

Na iske wani malamin garinmu, dattijo mai makarantar allo, yana taya rago. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutumin nan a sahunka yake sallah."

Ya ce, "Na gani, na gani. Allah shi kyauta." Ya ci gaba da lalube ƙugun ragon. "Amma ka kwantar da hankalinka, irinsu jikinsu na da ƙwari. Ba su jin abu kamar ni da kai."

"Malam, hannun zai mutu."

"Kai kuma yaushe ka fara maganar gaske?" Ya yi murmushi, ya tambayi mai ragon ko ragon ya shekara.

Na koma gindin tsamiya. Azahar ta gabato. Daga inda nake ina hangen maƙwabcina, ya daina ɗaga kai. Sai ga ɗan tsohon ubangidansa ya zo aski, kamar yadda ya saba kowace kasuwa. Shi ya gaji fataucin hatsin ubansa, mutum fari dogon hanci, wanda ba ya gama zance bai ambaci kakarsa Bafulatana ba. In akwai mai asali a Wurma shi ne. Da shi da wanda ke kan turke a zaure ɗaya suka kwana suna yara.

Ya tuɓe rawani da hula, ya zauna ya ba turken baya. Na jiƙa kan, na wasa aska, sai wata dabara ta faɗo mani, irin dabarun da suka sa har yau ban yi arziki ba. Wanzami shi kaɗai ke juya kan babban mutum yadda ya so. Na kama haɓarsa na juya shi sannu har ya fuskanci turken. Ya mayar. Na sake juyowa. Na aske ɓangaren dama tas, tun daga goshi har ƙeya, ya yi ƙyalli. Na goge aska na mayar da ita zabira.

Ya jira. Can ya ce, "Wanzam, mi ya faru?"

"Na gama, Maigida."

Ya shafa kai, ya ji rabi sulɓi rabi daji. "Ba ni son wasan banza, ina da baƙi daga Katsina."

"Taku kaɗan ne daga nan. Ka je ka ce naku ne, in ƙarasa maka har da gyaran gemu."

"Namu? Ai ya fanshi kansa. Ranar da ya bar gidanmu bai yi shawara da ni ba."

"Nono ɗaya kuka kusa sha."

"Kusa," in ji shi. "Ka san in na tsaya mashi ya sake gudu, wa za a zo nema? Kuma gobe in mai unguwa ya rasa wanda zai nuna, gidan wa zai duba?"

Na ce, "To sai ka ratsa kasuwa da rabin kai, kamar ɓarawon da aka kama."

Na ɗaga murya da gangan. Nan da nan mutane suka taru. Wallahi ko lokacin da ake shelar ba a taru haka ba. 'Yan hatsi suka bar awo, mahaucin nan ya zo da wuƙarsa a hannu, mata na leƙe ta bayan juna. Dariya ta ɓarke, wani har da faɗuwa. Zuciyata ta ce ka ci nasara, babban mutum ba ya jure wannan. Na nuna turken ina cewa, "Ga dalili can, jama'a, ku duba can." Ba wanda ya waiwaya. Kan suke kallo.

Shi kuwa sai ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa ya kifa, ya naɗa rawaninsa a hankali, ya gyara shi, ya kaɗe riga ya tafi wurin baƙinsa. Duk tsawon dabarata ban tuna da hula ba. Ni da na yi rayuwata ina cewa mutane su tuɓe ta.

Taron bai watse da wuri ba. Waɗanda suka makara suka ce in maimaita masu yadda aka yi. Wani ya dafa ni ya ce, "Kai dai Wanzam ba ka da dama," ya zauna a buzun ya tuɓe hula, wai shi ma a yi mashi amma cikakke. Na ce su taimaka, mutum ɗaya kawai ake nema. Sai suka ƙara dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Na bi su ɗaya ɗaya ina kama bakin riga, har na durƙusa wa wanda na girme. Wani ya ce yana da iyali. Wani ya ce shi baƙo ne a Wurma, kakansa ne ya zo. Wani ya ce mani a kunne, "Don Bagwari kake wannan haukan?"

La'asar ta yi, aka yi sallah, liman ya yi addu'ar zaman lafiya muka shafa. Inuwar tsamiya ta miƙe har ta kai turken, lokacin ba ta da sauran amfani. Da kasuwa ta fara watsewa dogarai suka zo kwancewa, kirin ya ƙi, ya nutse cikin nama. Askata suka ara suka yanke shi. Suka ce hannun da ba ya ɗaukar kwando ba su da aiki da shi, ya tafi gida.

Da ƙafarsa ya taka har Wurma, ina riƙe da shi, hannuwan na reto kamar ba nasa ba. Na yi duk abin da ubana ya koya mani. Na yi tsaga, na kafa ƙaho, na gasa da ruwan ɗumi, na shafa man shanu. Na hagu ya farfaɗo, ya fara jin tsinin aska. Na dama yatsun suka yi baƙi, suka bushe daga sama, daga ƙasa kuma suka fara wari, baƙin yana hawa. A majalisa aka ce ai ya huta, mai unguwa ba ya sake nuna shi. Wani ya ce da ma wayo ne irin nasu.

Wata safiya matarsa ta aiko in zo da zabira. Na iske shi zaune a ƙofar ɗaki, ya ɗora hannun bisa turmin da aka kifa, ta hura wuta ta sa guntun ƙarfe a ciki. Ban taɓa yanke abin da ya fi beli ba. Na ce mashi mu ƙara kwana biyu mu gani.

Ya ce, "In ya kai wuyan hannu fa? Bar mani inda zan ɗaura ƙotar fartanya, ciyawa ba ta jira." Ya dube ni, yana son ya yi dariya. "An ce ka iya rabin aski, Baƙin Wanzam. Ni dai kada ka yi mani rabi."

Na wasa askar fiye da yadda take bukata. Matar ta zo ta bayansa ta riƙe kafaɗunsa, ya cusa bakin rigarsa cikin haƙora. Na yi bisimilla na kama ɗan yatsan farko.