Garmar Tama

Shekarata talatin da 'yan kai lokacin da Turawa suka shata dajinmu suka ce ya zama gandu. Kada a sari itace, kada a ƙona gawayi. Mu kuwa maƙera ne, kaka da kakanni, kuma tama, dutsen da muke fitar da ƙarfe daga cikinsa, ba ta narkewa sai da gawayin itacen ƙirya. Ƙirya kuwa tana cikin gandun.

Garmar tama takan yi kuɗin garma uku ta ƙarfen kanti. Ba wai ta fi kaifi ba ne, kada in yi muku ƙarya. Gwarawan yammacin Kakangi ne ke cewa tun fil'azal iskan dutsensu, wanda suke kira mai dutse, ya ba kakansu ƙarfe aro, da sharaɗin kada a fasa sabuwar gona sai da ƙarfen da ya fito daga ƙasar. Ni Musulmi ne, ban taɓa yi wa dutse yanka ba. Amma da wannan labari ubana ya ciyar da mu, kuma bai taɓa sayar da garma a kan ƙarya ba.

Da bazara wani tsohon Bagwari, abokin cinikin ubana, ya zo. Ɗansa zai yi sheme ya fasa sabuwar gona, yana son garmar tama. Na ce masa ba mu da gawayin narka tama, amma zan san yadda zan yi. Yayana ya ja ni bayan maƙera.

"Kai dai ka cika taurin kai," in ji shi. "Ga guntun ƙarfen jirgin ƙasa nan. Ƙera masa, ka ce tama ce. Wa zai sani?"

Na ce, "Yaya, ni zan sani. Shi ma zai sani, don sai ya ƙwanƙwasa ta da dutse ya saurari kukanta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari na saɓi gatari na shiga gandun da rana tsaka, ban ɓuya wa kowa ba. Na sari ƙirya, na ƙona, na narka tama, na ƙera garma. Tsohon ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne, ya gyaɗa kai ya tafi da abarsa. Bayan kwana biyu malamin daji ya zo da dogari.

Aka yi dace wani Bature yana rangadi, aka kai ni gabansa a bariki. Ta bakin tafinta ya tambaye ni me ya sa zan sayi ɗauri saboda garma, ga ƙarfe arha a kanti. Na ba shi labarin mai dutse. Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce camfi ne ke hana mu arziki.

To, tun shigowata na ga wani lanƙwasasshen ƙarfe a kafe bisa ƙofarsa. Idon maƙeri ba ya wuce ƙarfe. Na tambayi tafinta, wanda Bayarabe ne, mene ne wancan. Ya ce takalmin doki ne, a ƙasarsu Bature ana kafa shi don korar tsautsayi. Ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, su ma Yarabawa a garinsu ƙarfe yana da mai shi, har rantsuwa ake yi da shi.

Na ce, "Gaya masa, ranka ya daɗe, nawa ƙarfen ko ba komai yana noma."

Ban san yadda tafintan ya juya maganar ba. Na dai ga dariyar ta ɗauke. Aka tura ni gaban alƙali ya ba ni wata biyu, na yi su ina sharar kasuwa, ban yi da-na-sani ba ko na yini ɗaya.

Abin da ya ƙona mini rai yana gida. Na tarar yayana ya cika rumfa da garemanin ƙarfen jirgi, yana sayarwa a farashin tama. Labarin ma ya ƙaru: wai ƙarfen da aka ɗaure ƙanensa a kansa ke nan. Ɗaurina ya zama haja.

Ban yi masa faɗa ba, yaya ne. Ranar kasuwa na shimfiɗa buzuna daura da rumfarsa, na ajiye dutse guda a gabana. Duk wanda ya ɗauki garma a rumfarsa yana juyawa, sai in miƙa masa dutsen in ce, "Malam, ƙwanƙwasa ka ji."

Shekara bakwai yayana bai gaishe ni ba. Dutsen yana nan a ɗakina.